Permin da aka saya ba ya taka birki

A garuruwanmu, in aka ce yaro ya iya babur, abin da ake nufi shi ne ya iya buga shi ya tashi, ya sa giya, ya zagaya unguwa ya dawo bai faɗi ba. Wannan kuwa aikin yamma ɗaya ne. Aboki ya ara masa babur bayan la'asar, ya zauna bayansa yana riƙe masa kai, kafin magariba an ce ya iya. Washegari sai ka gan shi bisa kwalta da goyon mutum biyu. Mu da muke aiki a ɗakin masu karaya ba mu kallon wannan iyawa yadda ake kallonta a unguwa, domin a gadajenmu take ƙarewa. Ra'ayina shi ne kada kowa ya hau babbar hanya da babur sai ya koya a hannun wanda ya sani, ya san dokokin hanya, ya zauna jarrabawa da kansa ya ci, an ba shi lasisin tuƙi, wanda muka fi sani da permi. Na san akwai masu cewa wannan magana ce ta ƴan birni masu kuɗi, kuma zan ba su amsa.

Kada dai a ɗauka muna gaba da babur. Babur ne motar asibitin ƙauye. Shi ke kawo mana mace mai doguwar naƙuda daga garin da mota ba ta shiga da damina. Shi ke kawo yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sumar da shi cikin dare. Samari nawa ne suka yi aure, suke ciyar da iyayensu da kabu-kabu, waɗanda in ba don shi ba da tuni sun kama hanyar Libiya ko Aljeriya? Abin da ke wannan aiki ba a zaginsa. Sai dai ƙarfe ne mai nauyin fiye da kilo 100, ya fi kowane doki gudu, ba shi da bango ba shi da rufi. In an yi karo, jikin mahayi ne ke karɓa.

Abin da koyon yamma ɗaya ke ba mutum shi ne tafiya. Abin da ba ya ba shi shi ne tsayawa, kuma tsayawar ita ce tuƙin. Ga lissafi mai sauƙi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 cikin sakan ɗaya. Daga lokacin da idonka ya ga yarinya ta fito daga bayan mota da tiren talla zuwa lokacin da hannunka ya kai ga birki, wajen sakan ɗaya ke wucewa, in ma kana cikin natsuwa. Ka ci mita 17 ke nan birki bai ko fara aiki ba. Kafin babur ya tsaya cik, ka yi wajen mita 40, shi ma in kwalta a bushe take, taya da birki suna da kyau. A gudun kilomita 30 kuwa, wajen mita 15 sun ishe ka. Yawancin sababbin mahaya suna zaton in an ninka gudu sau biyu, nisan birki ma sau biyu yake ƙaruwa. A'a, sau huɗu ne. Ƙarfin duka ma haka. Wanda ya daki bango ko bayan mota a gudun kilomita 60, tamkar ya faɗa busasshiyar rijiya ce mai zurfin gaba takwas.

Sannan ga maganar birkin gaba, wadda ta daɗe tana damuna. Akwai tsoro da ake gadar wa masu koyo cewa birkin gaba yana kifar da mutum, don haka kada a taɓa shi. Wasu har sakin wayarsa suke yi, wasu in ta tsinke ba su gyarawa. Alhali a kan kwalta birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur, wajen kashi 70 cikin 100, domin in aka taka birki nauyi gaba yake komawa. Mai dogara ga birkin ƙafa kaɗai, in abu ya taso masa, tayar baya ce za ta kafe ta yi ta jan ƙasa, babur ya karkace, ya kai shi ga abin da yake gudu. Gaskiyar da ke cikin tsoron ita ce, wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi farat ɗaya, musamman a kan rairayi ko cikin kwana, zai sha ƙasa. Maganin wannan koyo ne: a matsa shi a hankali, a ƙara matsawa, tare da na baya, babur yana miƙe, kuma a rage gudu tun kafin a shiga kwana. Hannu ba ya koyon wannan ranar haɗari. Sai an maimaita shi sau da yawa a fili inda ba mota ba yara, har ya zama jiki.

Don haka in ni ke koya wa yaro, darasin farko tsayawa ne. A sa dutse a fili, ya taho a hankali ya tsaya daidai dutsen, yau da gobe, ana ƙara gudun kaɗan kaɗan. Sai tafiyar hawainiya tsakanin duwatsu ba tare da sa ƙafa ƙasa ba, wadda ta fi gudu wuya nesa ba kusa ba. Sai ya saba da kallon inda yake son zuwa, gama babur ido yake bi: wanda ya kafe idonsa a kan rami, cikin ramin zai faɗa. Sai kunna sigina, da duba madubi, da waiwayawa ta kafaɗa kafin a karkata. Madubin nan da samari ke cirewa tun ranar saye wai don babur ya yi kyau, ni ban taɓa gane kyawun ba. Goyo da kaya kuwa sai daga baya can, bayan ya yi watanni yana tuƙi shi kaɗai, domin buhun albasa ko mutum a baya yana sauya yadda babur ke juyawa, yana ƙara nisan tsayawa.

Me muke gani in ba a yi haka ba? Karayar ƙwauri na cikin abin da ya fi zuwa mana. Ƙashin ƙwauri ba shi da nama sosai a gabansa, fata ce kawai ta rufe shi, shi ya sa in mota ta doke shi yakan fasa fata ya fito, ƙasa da datti su shiga. Irin wannan karaya tana bukatar a wanke ta a ɗakin tiyata cikin awoyin farko, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus, sau da yawa a sa ƙarfe. In komai ya tafi daidai, mutum zai yi wata uku zuwa shida kafin ya taka sosai, wani lokaci fiye. In aka fara kai shi gidan mai ɗori aka ɗaure da kara tamau, jini na iya daina zuwa ƙafar, ko ƙashin ya ruɓe, a kawo mana shi bayan mako biyu ba abin da ya rage sai yankewa. Ka lissafa wata shida a rayuwar manomi. In karayar ta zo a farkon damina, an rasa shuka, an rasa noma, an rasa girbi. Babur ɗin da aka saya don neman abinci shi ake fara sayarwa, sai akuya, sai sa, wani har gona yake jinginarwa. Mai jinya ma ya bar nasa aikin ya zo ya kwana a tabarma.

Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Afirka kuma ita ce ta fi ko'ina yawan wannan mutuwa in an kwatanta da yawan jama'a, alhali ba ta da motoci kamar sauran nahiyoyi.

Yanzu ga dokokin hanya, abin da ake kira kod. Mutane da yawa suna ɗaukarsa wahalar da Nasara ya bari don a ci kuɗin talaka. Ni kuwa ina ganinsa kamar harshe ne. Direban da ya taso daga Yamai da babbar mota, ya bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa zai je Maraɗi ko Damagaram, bai san ka ba, ba kuma zai tsaya ku gaisa ba. Abin da kawai ya haɗa ku shi ne yana zaton ka san abin da ya sani. Ya san cewa a mararrabar da ba ta da wata alama, wanda ya fito daga dama shi ke da hanya. Ya san mai fitowa daga hanyar laka zuwa kan babbar hanya shi zai jira. Ya san farin layi da bai yanke ba a tsakiyar kwalta yana nufin ba a tsallake shi don wuce wani. A kan wannan zato yake tuƙi. In kai ba ka jin harshen, sai ka shigo masa a lokacin da bai tsammace ka ba, motar da ta ɗauko tan talatin kuwa ba ta tsayawa don an ɗaga mata hannu.

Akwai kuma abubuwan da mai koyo a unguwa ba zai taɓa ji ba sai an gaya masa. Direban gingimari yana da wurare a gefensa da bayansa inda ba ya ganin komai; in kai ba ka hango fuskarsa cikin madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Doguwar mota in za ta juya dama takan fara buɗewa hagu, sai mai babur ya ga sarari ya kutsa ta dama, tayoyin baya su rufe shi. Da dare, fitila ɗaya da ka hango tana iya zama mota ce mai ido ɗaya. Amalanken jaki ba shi da fitila ko kaɗan. Da hunturu in hazo ya sauka, kunna fitila da rana don a gan ka ne, ba don ka gani ba.

To, masu ƙorafi suna da gaskiyarsu, kuma ba zan raina ta ba. Neman permi yana cin kuɗi: takardu, hotuna, kuɗin makarantar tuƙi, kuɗin mota zuwa babban birnin jiha, da kwana can. Ga wanda ke neman na cefanen yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wanda ya iya tara kuɗin babur, ko ya sami mai ba shi bashi, to ya sa kuɗin permi da na hular kwano cikin kuɗin babur tun farko, kamar yadda mai sayen doki ke lissafa linzami da sirdi. Duk abin da permi zai ci bai kama ƙafar kuɗin jinyar karaya ɗaya ba. Kuma ranar da ka buge wani ba ka da permi, ko da kana da takardar inshora, nauyin biya na iya dawowa kanka, a gaban hukuma ma bakinka ya mutu.

Ƙorafi na biyu shi ne Faransanci. Mutum ya ce bai yi lakwal ba, yaya zai ci jarrabawar kod? Wannan ya fi na farko ƙarfi. Amma alamomin hanya yawancinsu zane ne, an yi su ne don wanda ma bai jin harshen ƙasa ya gane. Mai kusurwa uku da jan baki tana gargaɗi ne, akwai haɗari a gaba. In ta kifa kanta ƙasa, tana cewa ka ba wasu hanya. Zagayayya mai jan baki hani ce. Zagayayya shuɗiya umarni ce. Ja mai kusurwa takwas, tsaya cik, ƙafa a ƙasa, ko da ba ka ga kowa ba. Mutumin da ya san kowace tunkiya cikin garke, ya haddace lambar wayar mutum ashirin, waɗannan ba za su gagare shi ba. Abin da nake roƙon hukuma shi ne a yawaita yin tambayoyin da baki, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, masu jarrabawa kuma su riƙa saukowa gundumomi a ranakun da aka sanar tun da wuri. Ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu su ma suna iya haɗa kuɗi su ɗauko malami ya koyar da su a tasha da yamma, su je jarrabawa a ƙungiyance. Abin da ya yi wa mutum ɗaya tsada, ga mutum arba'in da sauƙi.

Hanyar da ba na yarda da ita ko kaɗan ita ce ta saye. Kowa ya san ana yi: ka ba wani ɗan kamasho kuɗi da hoto, bayan ƴan makonni ya kawo maka takarda har gida. A ganina wannan ya fi rashin permi muni. Wanda ba shi da permi aƙalla ya san bai da shi, yana tafiya da ɗan tsoro. Mai permin saye kuwa ya ruɗi kansa, ya ruɗi fasinjansa. Jandarma zai duba ya ba shi hanya, amma rairayin da iska ta zubo a kwana bai san takarda ba. Amfanin jarrabawa duka yana cikin shirin da ta tilasta maka ka yi. Kashi biyu ce, tambayoyin kod da gwajin tuƙi a gaban mai jarrabawa, kuma ana faɗuwa. Faɗuwar ba abin kunya ba ce. Wanda ya faɗi don ya manta waiwayawa kafin ya juya, an nuna masa kuskurensa a wurin da ba jini, ya koma ya gyara ya dawo. Shi kuwa mai karɓar kuɗi ya sa hannu a kan takardar wanda bai taɓa gani bisa babur ba, ya sani yana da rabo cikin duk abin da wannan takarda ta jawo.

Sai maganar da muke ji kusan kullum a bakin gado: ƙaddara ce. Na yarda rai a hannun Allah yake, ba wanda zai wuce ranarsa. Amma mai faɗin haka yana ɗaure akuyarsa da dare, yana rufe rumbunsa, yana kai ɗansa rigakafin ƙyanda, ba wanda ya ce ya yi jayayya da ƙaddara. Kuma yawancin waɗanda ake kawo mana ba mutuwa suke yi ba. Rayuwa suke ci gaba da yi da ƙafa ɗaya, ko da ƙwaƙwalwar da ba ta dawo daidai ba, ko kwance ba motsi daga ƙugu zuwa ƙasa saboda lakar baya ta tsinke. Jikin nan amana ne da Allah ya ba mu. Matar da ta hau bayanka da jariri a goye kuma amanar wani ce ka ɗauko.

Permi ba ya kare kai, hular kwano ce ke yi, wadda wasu ke kira kaske. Bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, tana rage raunin kai da wajen kashi 70. Amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda aka ɗora kawai ita ke fara tashi kafin kai ya kai ƙasa, wadda aka rataya a hannun babur don tsoron ƴan sanda kuwa ba ta da wani amfani. Rawani ba kwano ba ne, hular maginan gida ma ba don wannan aka yi ta ba. Na san akwai zafi a watan Afrilu da Mayu. Ƙashin ƙafa dai muna iya haɗa shi, ƙwaƙwalwa kuwa in ta lalace babu likitan da zai mayar da ita. Kuma duk wanda ya bugu a ka, ko da ya tashi ya kakkaɓe riga yana magana, a sa masa ido kwana ɗaya cur. Jini na iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai. In ya fara amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci mai nauyi da ba ya tasuwa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a kawo shi nan take, kada a jira safiya.

Dole in ambaci tramol, domin duk abin da aka koya yana rushewa in an sha shi. Ana shan sa don a jure gajiya a cika kuɗin da za a kai wa mai babur da yamma. Yana rage saurin hankali, yana sa mutum ya ga kamar ba abin da zai same shi, kuma in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda ba ta sallama kafin ta zo. Masu ba da babur haya su duba adadin da suke ɗora wa yaran nan kowace rana.

Akwai jarrabawa guda da mu za mu iya yi maka kafin ta hukuma, wato awon ido da lafiyar jiki. Hawan jinin ido yana cin gani ta gefe a hankali, mutum bai sani ba, sai ya riƙa cewa abu ya faɗo masa daga sama alhali daga gefensa ya fito. Mai yanar ido, fitilar mota na kashe masa gani da dare. Mai dundumi bai kamata ya hau babur bayan magariba ba. Mai farfaɗiya ko ciwon sukari ya yi shawara da likitansa tukuna, kada ya ɓoye. Wasu magungunan mura ma suna sa gyangyaɗi, a tambaya kafin a sha. Awon ido ba ya ɗaukar lokaci, kuma sau da yawa tabarau kawai ake bukata.

Iyaye, makulli a hannunku yake. Yaron da ƙafafunsa biyu ba su kai ƙasa in ya zauna bisa babur, ba a aikensa kasuwa da shi, ko da kuwa ya fi babansa iya tashinsa. In ya kai shekarun da doka ta yarda, ku nemo masa mai koyarwa natsattse, wanda shi kansa ya zauna jarrabawa, ku biya masa kuɗin kod kafin ku biya na babur. Ƴaƴa mata da iyayensu kuma a koya musu hawan baya: a tattare zane da hijabi a danne su ƙarƙashin cinya don kada sarƙa ko tayar baya ta kama, a nisanta ƙafa daga salansa mai zafi, kada a zauna kafin mai tuƙi ya ce ya shirya. In ɗan kabu-kabu ya fara gudun da ranki bai kwanta da shi ba, ki ce ya tsaya, ki biya shi, ki sauka ki nemi wani.